Famfon Zuciya: Na'urar Tallafa wa Zagayawar Jini ga Masu Lalurar Zuciya ta Haihuwa

1.0 Gabatarwa

A makarantun firamare akan ci karo da yaron da ba ya iya gudu tare da tsararrakinsa. Da an fita filin wasa, ya yi taku ashirin ko talatin, sai ya tsaya yana haki, ya tsuguna ya haɗa gwiwoyinsa da ƙirjinsa, sai bayan ɗan lokaci ya miƙe. Wasu malamai sukan ɗauki wannan a matsayin ragwanci, wasu iyaye kuma su danganta shi da iska ko sammu. Sau da yawa lamarin ba haka yake ba. Akwai yaran da ake haifa da zuciyar da ba ta haɗu yadda aka saba ba tun suna ciki, kuma wannan tsugunon wata dabara ce da jiki ya gano da kansa, domin yana matse jijiyoyin ƙafafu har jini ya ƙara karkata zuwa huhu.

Wannan babi zai yi bayani ne a kan wata na'ura da likitoci ke komawa gare ta idan irin wannan zuciya ta gaza, wato famfon zuciya. Za a duba yadda yake aiki, da dalilin da ya sa amfani da shi ga ƙananan yara ya fi wuya, sannan a auna shi da halin da ake ciki a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, famfon ba ya gyara zuciya. Riƙon ƙwarya yake yi mata, kafin ta farfaɗo ko a samu wata a dasa.

2.0 Zuciya a Bakin Bahaushe da Zuciya a Wurin Likita

Kalmar zuciya tana da faɗin ma'ana a harshen Hausa. Idan aka ce wane ya yi zuciya, ana nufin ya fusata. Idan aka ce zuciyarsa ta mutu, ana nufin ya rasa himmar neman na kansa. Haka kuma idan Bahaushe ya ji an ce wance tana da ciwon zuciya, abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne baƙin ciki ya yi mata yawa. Wannan ne ya sa iyaye da dama sukan yi mamaki idan likita ya ce jaririnsu na da ciwon zuciya, har su tambaya, wane baƙin ciki ne jinjiri ɗan wata uku ya gani? Malamin Hausa na da rawar takawa a nan, domin shi ya fi kowa sanin inda ma'anonin biyu suka rabu.

A wurin likita, zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, kuma aikinta tura jini. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na saman tamkar zaure suke, su ne ke karɓar jinin da ya shigo. Na ƙasan su ne masu ƙarfi, su ke tura shi waje. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗauko iskar oksijin. Ɓangaren hagu kuwa yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya tura shi ta babbar jijiya zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi. Tsakanin ɗakunan akwai bango, a bakin kowace mafita kuma akwai bawul mai hana jini komawa baya. Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da kwana, tana tura kusan lita 5 na jini a kowane minti idan yana hutawa. Ta jariri sabon haihuwa ta fi sauri, takan buga sau 120 zuwa 160 a minti.

3.0 Lalurar da Ake Haihuwar Yaro da Ita

Zuciya tana kammala haɗuwa ne a cikin makonni takwas na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Idan aka samu tangarɗa a wannan tsakani, sai a haifi yaro da lalura. Ƙididdigar duniya ta nuna kusan jariri 1 cikin kowane 100 yana zuwa da ita, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan suna buƙatar aiki kafin su cika shekara. Mafi yawan lokuta ba a gano takamaiman sanadi. Daga cikin waɗanda aka sani akwai cutar rubela, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mai ƙaramin ciki, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu magunguna, da kuma abin da ya shafi ƙwayoyin gado.

Lalurar iri-iri ce. Wadda aka fi samu ita ce huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa, kuma ƙananan hudoji da yawa sukan toshe da kansu. Akwai ƙuncin bawul. Akwai wadda wani likita Bafaranshe mai suna Fallot ya yi cikakken bayaninta a 1888, inda matsaloli huɗu ke haɗuwa a zuciya ɗaya, ita ce kuma ke sa yaro tsugunon da aka ambata. Mafi tsanani ita ce a haifi yaro da ɗakin ƙasa guda ɗaya tak mai aiki. Ya kamata a bambanta duk waɗannan da ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, wanda ke lalata bawul ɗin yaran da aka haifa lafiya lau. Shi wannan daga baya ake kamuwa da shi.

Mafi yawan masu lalurar haihuwa ba sa buƙatar famfo. Tiyata ce maganinsu: a toshe huda, a buɗe ƙunci, a sauya wa jijiya hanya. Misalin da kowa ya sani a Nijeriya shi ne ɗan ƙwallon ƙafa Nwankwo Kanu, wanda aka gano matsala a bawul ɗin zuciyarsa a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo fili har ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Famfo yana shigowa ne idan ita kanta tsokar zuciyar ta gaji, ko dai nan take bayan doguwar tiyata, ko kuma bayan shekaru tana aikin da ya fi ƙarfinta.

4.0 Yadda Famfon Yake Aiki

Tunanin a sa inji ya karɓi aikin zuciya ya fara tabbata ne a 1953, lokacin da John Gibbon ya yi amfani da injin da ke tsayawa a madadin zuciya da huhu ya toshe huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18 a birnin Filadelfiya na Amurka. Wannan inji na ɗakin tiyata ne, na sa'o'i kaɗan. A 1966 Michael DeBakey ya haɗa wa wata mata famfon da ya tallafi ɓangaren hagu na zuciyarta na kwana goma, ta farfaɗo aka cire shi. Daga nan ne aka samo tushen famfunan da ake amfani da su a yau. Ba a cire zuciyar mutum. Ana soka bututu ne a ƙarshen ɗakin ƙasa na hagu, famfo ya zuƙo jinin, ya tura shi ta wani bututun zuwa babbar jijiya. Idan ɓangaren dama ma ya gaza, sai a sa famfo biyu.

Famfunan iri biyu ne, kuma kowanne yana da ɗan'uwa a sana'o'in Hausawa. Na farko yana aiki ne kamar zugazugin maƙeri. Wani ɗan ƙoƙo ne da aka raba biyu da fatar roba mai laushi, jini a gefe guda, iska a ɗaya gefen. Idan inji ya huro iska, fatar ta matse jinin ya fita, idan ya zuƙe iskar, ƙoƙon ya sake cika. Saboda haka jinin yana tafiya ne bugu-bugu kamar na zuciyar gaske. Na biyu kuwa ya yi kama da injin ban-ruwan da manoman rani ke kafawa a bakin gulbin Gagare ko na Bunsuru. A cikinsa akwai 'yar farfela mai juyawa sau dubbai a minti, tana tura jini ba tsayawa. A sabon samfurin da ake kira HeartMate 3, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017, farfelar ba ta taɓa komai, ƙarfin maganaɗisu ne ke riƙe da ita a tsakiyar jinin, don kada ta riƙa farfasa ƙwayoyinsa. Wani abin mamaki shi ne, mai ɗauke da irin wannan famfo, ana iya dafa wuyan hannunsa a kasa jin bugun jini, alhali yana zaune yana hira.

Shi wannan na biyu a cikin ƙirji ake dasa shi, nauyinsa kimanin giram 200. Wata igiyar lantarki ce ke fitowa ta fatar ciki ta haɗu da 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi da batura biyu da ake ratayawa. Baturan sukan kai sa'o'i 17 idan sun cika, da dare kuma a jona na'urar da wutar gida. Mai shi yana iya komawa gida, ya je makaranta ko wurin aiki, amma ba zai yi iyo ba, ba kuma zai bari ruwa ya jiƙa mafitar igiyar ba.

5.0 Matsalar Ƙananan Yara

Duk waɗannan na'urori don manya aka fara ƙera su. Jariri mai nauyin kilo 3, duka jinin jikinsa bai fi mililita 250 ba, wato rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a tasha. Ƙirjinsa ba shi da wurin da famfo mai giram 200 zai zauna. Shekaru da dama abin da kawai ake da shi domin irinsa shi ne injin da ake kira Ekmo, mai fitar da jini waje ya sa masa oksijin ya mayar. Yana ceton rai, sai dai na kwanaki ne ko 'yan makonni, yaron kuma yana kwance a sashen kulawa ta musamman.

Likitocin cibiyar zuciya ta birnin Balin a Jamus ne suka buɗe hanya a farkon shekarun 1990, da famfo irin na zugazugi da aka sani da Berlin Heart EXCOR. Shi ba a cikin jiki yake zama ba. Bututai ne ke ratsa fata, ƙoƙon yana kwance a kan cikin yaron, ana ganin jini na shiga yana fita. Ana yin sa girma-girma, mafi ƙanƙanta yana ɗaukar mililita 10 a kowane bugu, wato cikin cokalin shayi biyu. Amurka ta amince da shi a 2011. Sakamakon gwajin da aka yi a kan yara 48, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna fa'idarsa da kuma haɗarinsa. Yaran sun rayu watanni a kan famfon, alhali a cikin takwarorinsu da ke kan Ekmo rabi ba su wuce kwana 10 zuwa 13 ba. Amma kashi 29 cikin ɗari sun samu shanyewar ɓarin jiki, kusan rabi sun yi zubar jini mai tsanani, fiye da rabi kuma ƙwayoyin cuta sun shige su.

Dalilin wannan haɗari a fili yake. Jini da zarar ya taɓa abin da ba jiki ba, sai ya nemi daskarewa. Idan gudan jini ya samu a cikin famfo ya ɓalle, ƙwaƙwalwa yakan nufa. Don haka dole a riƙa ba yaron maganin tsinka jini, wanda idan ya yi yawa sai zubar jini, idan ya yi kaɗan sai guda. Ma'aikatan jinya sukan haska ƙoƙon da tocila sau da yawa a rana suna neman ɗigon da ya fara taruwa. An samu ci gaba a wannan fanni tun daga lokacin, an sauya magunguna, shanyewar jiki ta ragu, amma ba ta kau ba.

Ga masu lalurar haihuwa akwai ƙarin wahala. Mafi yawan yaran da ake sa wa famfo, zuciyarsu a tsare take daidai, tsokar ce kawai ta raunana. Mai lalurar haihuwa kuwa tsarin ne ya bambanta. Wani zuciyarsa tana dama, wani jijiyoyinsa sun yi musayar wuri, wani an riga an buɗe ƙirjinsa sau biyu ko uku, tabo ya manne ko'ina. Mafi wuya su ne masu ɗaki ɗaya. Su akan yi musu jerin ayyuka da ke ƙarewa da wanda Francis Fontan ya bayyana a 1971, inda jinin da ya dawo daga jiki ke gangarawa huhu da kansa ba tare da mai tura shi ba. Idan wannan tsari ya gaza bayan shekaru, sai likita ya rasa inda zai dasa bututu, domin famfon an ƙera shi ne bisa zaton akwai ɗakuna huɗu. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya nuna masu ɗaki ɗaya da suka tsira a kan famfon Berlin Heart ba su kai rabi ba, alhali a masu ɗaki biyu an kusa kashi uku cikin huɗu.

Riƙon ƙwaryar nan yana ƙarewa ne ta ɗayan hanyoyi uku. Kaɗan daga cikin yaran zuciyarsu takan huta ta farfaɗo a cire famfon. Mafi yawa suna jiran dashen zuciya ne, aikin da Christiaan Barnard ya fara yi a Afirka ta Kudu a 1967. Wasu manya kuma da ba za a iya yi wa dashe ba sukan zauna da famfon iya rayuwarsu.

6.0 Daga Zurmi Zuwa Ɗakin Tiyata

A ɗauka ga wata jaririya a wani ƙauye na ƙasar Zurmi. Idan ta kama nono ba ta jimawa sai ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Wata biyar ba ta ƙara nauyin kirki ba, ga tari da ciwon haƙarƙari suna ta dawowa. Abin da kowa zai fara zato shi ne tamowa, kuma zaton ba laifi ba ne, domin binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar tare da Ma'aikatar Lafiya a 2024 ya nuna kimanin yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. A cikin taron yara ramammu, mai ramar zuciya ɓacewa take yi. Sai an ba ta abincin tamowa an ga ba ta murmure ba, ko wani ma'aikacin lafiya ya ɗora abin saurare a ƙirjinta ya ji wani sauti kamar hucin iska, kafin a fara tunanin zuciya.

Daga nan tafiya ta fara. Daga babban asibitin Zurmi ko na Shinkafi a bi ta Ƙauran Namoda zuwa Gusau. Tabbatar da irin lalurar yana buƙatar hoton zuciya na sauti da ƙwararren likitan zuciyar yara, abin da yakan kai iyali asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kowane zango kuɗin mota ne da na abinci da barin gona, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa. Idan an tabbatar, sai batun tiyata. An fara buɗe zuciya a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, tare da Magdi Yacoub ɗan ƙasar Masar da Fabian Udekwu, amma har yau cibiyoyin da ke yin aikin ba su wadatar ba. Shi ya sa ake kai yara Indiya, ko a nemi taimakon ƙungiyoyi irin gidauniyar da Kanu ya kafa a 2000.

To ina matsayin famfo a nan? Gaskiyar magana, yana can ƙarshen hanyar da mafi yawan yaran yankin ba su taka ko zangonta na biyu ba. Kuɗin dasa shi a Amurka yakan kai dubban ɗaruruwan daloli. Ko da wani mai hali ya biya, akwai abin da kuɗinsa ba zai kawo ba. Famfon yana son wutar da ba ta ɗaukewa, domin tsayawarsa na mintoci yana iya zama ajali. Yana son gwajin jini a kai a kai, da ruwa mai tsabta da bandeji don wanke mafitar igiya, da likitan da za a kira ko da tsakar dare. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Sama da duka, riƙon ƙwarya ba ya da amfani idan babu wanda za a miƙa wa. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, domin mai rai yana iya ba ɗan'uwansa ƙoda ɗaya ya rayu da ɗaya. Zuciya kuwa sai daga wanda ya rasu, da yardar danginsa, cikin sa'o'i kaɗan, kuma wannan tsari bai kafu a ƙasar nan ba.

Abin da ke kusa da hannu shi ne zangon farko. Allurar rigakafin ƙyanda da rubela da aka fara yi wa yara a Nijeriya a watan Oktoba na 2025 za ta rage adadin matan da cutar ke kamawa da ƙaramin ciki. Awon ciki yana gano ciwon suga. Akwai kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa jariri a hannu ko ƙafa ta auna oksijin ɗin jininsa cikin minti ɗaya ko biyu, tana aiki da ƙaramin batir, tana kuma tona lalurori masu tsanani tun kafin a sallami mai jego.

Malamin makaranta yana ganin yaro sa'o'i biyar ko shida a rana, yana gudu yana zaune, abin da likita ba ya samu. Littattafan likitanci sukan ce fatar mai lalurar tana yin shuɗi, amma a baƙar fata ba a nan ake dubawa ba. Harshe ake dubawa, da dasashi, da cikin leɓe, da ƙarƙashin farce, a ga ko sun yi duhu ko toka-toka. Kan yatsun wasu yakan kumbura ya yi kamar kan makaɗin ganga. Irin wannan yaro ba a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne, ba a kuma tilasta masa zagaya fili. Malami ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gan shi, ya sanar da shugaban makaranta, a kira mahaifi ko waliyyi a yi masa bayani da Hausar da zai gane, a kuma ba shi takardar ya tafi da ita asibiti. Idan kuwa yaron ya shiɗe a aji, harshensa ya yi duhu, numfashinsa ya yi sauri, a kwantar da shi a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a kore taron yara daga kansa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa.